Daddawa da Jinin Ɗan Adam: Martani ga Mai Ƙiyasi da Ɓera

Maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya game da daddawa ta zagaya hannun jama'a ƙwarai, har ta kai ana karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba a majalisun bayan la'asar, kuma tun da maganar ta shafi jinin mutane da zukatansu, na ga bai halatta ga wanda ya san wani abu game da ita ya yi shiru ba. Abin da malamin ya kafa maganarsa a kai abu uku ne: cewa bincike a jami'o'i ya tabbatar daddawa tana rage kitsen jini, wato kolestarol, tana kuma ƙara jini, cewa kakanninmu ba su san hawan jini da ciwon zuciya ba saboda ita ce mahaɗin miyarsu, sannan, wanda ya fi nauyi duka, cewa duk wanda ya lazimci cinta zai iya wadatuwa daga ƙwayoyin asibiti. Ban yi shakkar kyawun niyyarsa ba, domin kishin abincinmu na gado ne ya motsa alƙalaminsa, kuma ni ma ina da wannan kishi. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma kyawun niyya bai taɓa zama hujja a kan mas'alar ɗibbu ba.

Zan fara da haƙƙin daddawa, don kada a zaci raina ta ne ya sa ni magana. Duk wanda ya tashi a gidan da ake yin ta ya san cewa kalwa, ƙwayar da ake cirowa daga cikin garin ɗorawa, ba ta ciyuwa yadda Allah Ya halicce ta, saboda tauri da kaurin ɓawo. Gwaggona takan ɗora ta a murhu tun hantsi, tana ƙara ruwa tana iza wuta har dare ya raba, kashegari ta zuba a turmi ta surfa da toka, a kai bakin rijiya a wanke a kwando har baƙin ɓawon ya rabu da farar tsakiyar, a sake dafawa na ɗan lokaci, sannan a juye da zafinta cikin masaki, a rufe da ganye da tsofaffin buhuna, a tura ƙuryar ɗaki inda iska ba ta kaiwa. Bayan kwana biyu ko uku, idan ta ɗaga murfin, warin nan mai hawa hanci shi ne zai fara fita, ƙwayoyin sun yi duhu sun yi laushi, in ta ɗebo da yatsu sai ka ga yauƙi yana bin su kamar zare. Daga nan sai kirɓi, da dunƙulawa, da shanya a rana. Ba ta taɓa jin sunan ƙwayar halittar da ke yi mata wannan aiki ba, amma ta san zafin da take so, ta kuma san ranar da aikin ya ɓaci tun kafin ta buɗe.

Malaman kimiyya sun zo daga baya sun ba abin suna. Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan, tun a 1981, yana cikin waɗanda suka fara tantance halittun da ke ruɓar da kalwa, aka kuma gane cewa jagabansu ita ce wadda ake kira Bacillus subtilis, wadda ke farfasa furotin ɗin ƙwayar zuwa ƙananan sassa masu sauƙin narkewa, ciki har da gulutamet mai sa miya daɗi, da amoniya mai kawo warin. Jiƙawa da doguwar dahuwa da ruɓarwa suna rage sinadaran da ke hana hanji tsotse ƙarfe daga abinci. Busasshiyar daddawa tana ɗauke da furotin wajen sulusin nauyinta ko fiye, da mai wanda galibinsa irin na tsirrai ne mara daskarewa. Yarbawa suna kiran tasu iru, mutanen Mali da Burkina Faso sumbala, na Senegal netetu. A Nijar da ƙasar Sakkwato akwai daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, wasu kuma suna yi da 'ya'yan ƙirya ko waken suya. Wannan duka gaskiya ne, kuma da malamin ya tsaya a nan da na sa hannu a ƙarƙashin maƙalarsa.

Inda muka rabu shi ne wurin ƙiyasi. Binciken da ya dogara da shi, kamar yadda shi da kansa ya ambata, a kan ɓeraye aka yi, kuma akwai irinsa da dama a jami'o'in Nijeriya, misali wanda aka buga daga Ibadan a 2006, inda aka sa wa ɓeraye ciwon sukari da gangan ta hanyar yi musu allurar wani sinadari, sannan aka ba su daddawa, aka ga sukari da kitsen jininsu sun sauka. Ban ƙaryata sakamakon ba, kuma ban raina waɗanda suka yi wahalarsa ba. Amma duk almajirin da ya zauna gaban malamin usulu ya san cewa ƙiyasi yana da rukunai huɗu, asali da reshe da illa da hukunci, kuma ba a ɗauko hukuncin asali a ɗora wa reshe sai an tabbatar illar da ta jawo hukuncin tana nan a cikin su biyun. Idan kuwa aka sami bambanci a daidai wurin da hukuncin ya rataya, ƙiyasin ya rushe ko da ya yi daɗi a kunne. To, a mas'alar kolestarol, bambancin ɓera da ɗan Adam a daidai wurin nan yake. Kolestarol ba ya yawo a jini shi kaɗai, ɗaukarsa ake yi cikin wasu ƙunshe-ƙunshe, waɗanda takardar gwajin asibiti ke rubutawa LDL da HDL. Na farkon shi ne mai maƙalewa a bangon jijiya har ya toshe ta, kuma a jikin mutum shi ke ɗauke da mafi yawan kayan. Shi kuwa ɓera mafi yawan nasa a cikin HDL yake, ba shi da furotin ɗin da ke sauya kaya tsakanin ƙunshin biyu a jinin mutum, ko matsarmama ma ba shi da ita, kuma a ɗabi'arsa jijiyoyinsa ba sa saurin toshewa.

Tarihin wannan fanni da kansa ya ba da shaida sau biyu. A 1913, a birnin Santa Fitasbag na Rasha, Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol, jijiyoyinsu suka lalace irin yadda na mutane ke yi. Da aka gwada a kan ɓeraye da karnuka abin bai faru ba, sai aka yi watsi da maganarsa shekaru masu yawa, alhali shi ne mai gaskiya. Sannan a 1973 wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya fitar da wani sinadari daga fumfuna wanda ke hana hanta ƙera kolestarol, amma da aka ba ɓeraye bai rage musu komai ba, har aikin ya kusa mutuwa, sai da aka gwada a kan kaji masu ƙwai, sannan karnuka da birai, aka ga aikinsa a fili. Daga wannan sinadari ne dangin magungunan sitatin suka fito, waɗanda malamin yake cewa a ajiye. Ashe ke nan ɓera ya taɓa musanta illa ta gaskiya, ya kuma taɓa musanta magani na gaskiya, a kan wannan mas'ala ɗaya; yaya za a karɓi shaidarsa shi kaɗai a yanke hukunci a kan zuciyar dattijo mai shekara 60? Wannan ƙa'ida ma ba Turawa ne suka fara ta ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya jera sharuɗɗa bakwai na gwajin magani a cikin littafinsa al-Ƙanun, kuma na ƙarshensu shi ne a yi gwajin a jikin ɗan Adam, domin abin da magani ya yi wa dabba ba lallai ne ya yi wa mutum ba.

Sai maganar gwargwado, wadda maƙalar ta tsallake baki ɗaya. A gwajin dabbobi akan cusa abin da ake gwadawa da yawa cikin abinci, kullum, ba tare da dabbar tana da zaɓi ba. Idan aka ce daddawa ce kashi 10 cikin 100 na abincin ɓera, to magidancin da ke cin rabin kilo na busasshen abinci a yini sai ya ci giram 50 na daddawa zalla kafin ya yi daidai da shi. A gidajenmu kuwa dunƙule ɗaya ko biyu ake dakawa da barkono da citta a zuba a tukunyar miyar kuka da mutum goma za su ci, abin da ya isa cikin kowa bai wuce 'yan giram ba. Ga abin da ya faru da waken suya, wanda aka yi bincike mai yawa game da shi a kan mutane. A 1995 aka tattara gwaje-gwaje 38 aka ce furotin ɗinsa, idan ana cin wajen giram 47 a yini, yana rage LDL da kusan kashi 13 cikin 100. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa giram 25 a yini yana taimakon zuciya. Da gwaje-gwaje suka ƙaru suka kuma ƙara inganci, sai ƙungiyar likitocin zuciya ta ƙasar ta bayyana a 2006 cewa ragin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, har a 2017 hukumar ta gabatar da shawarar janye waccan yarda. In ma an ɗauka furotin ɗin kalwa daidai yake da na suya, giram 25 ɗin nan yana bukatar wajen giram 70 na daddawa kowace rana, kuma ban san tukunyar da ke ɗaukar haka ba.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren malamin, ko da shi bai kawo ta ba. A 2011 an buga wani bincike daga ƙasar Togo, inda aka kwatanta mutanen Bogou, masu yawan cin daddawa, da na Goumou-kope, waɗanda ba su cika cinta ba, aka tarar na farkon sun fi ƙarancin hawan jini da kyawun ma'aunin kitse. Wannan a kan mutane ne, saboda haka ya cancanci a saurare shi. Sai dai Bogou tana can arewa ƙasar dawa da gero, ɗayar kuwa tana bakin teku, kuma tsakanin al'ummu biyu irin waɗannan akwai bambancin tuwo da mai da gishiri da sana'a da yawan tafiya a ƙafa, ta yadda ba za a iya ware daddawa a ce ita ce sababi ba. Irin wannan riwaya tana haifar da zato mai kyau, zato kuwa dalili ne na a ci gaba da bincike, bai kai matsayin da za a gina fatawa a kansa ba. Mutanen Japan suna da tasu daddawar ta waken suya, natto, wadda ita ma Bacillus subtilis ke yi, suna kuma cinta da shinkafa wajen giram 40 zuwa 50 a zama ɗaya. An ciro wani sinadari daga cikinta aka yi ta yayata cewa yana wanke jijiyoyi. Da aka gwada shi a Kalifoniya a kan mutum 265, rabi suna sha rabi suna shan ƙwayar da babu komai a ciki, har wajen shekara uku, sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna wani bambanci a kaurin bangon jijiyoyinsu ba. A gefe guda kuma, natto tana da yawan bitamin K, har likitocin can suna hana ta ga masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Abincin da ke da ƙarfin taɓa jini yana da ƙarfin karo da magani, kuma wanda ke shan irin wannan ƙwaya ya kamata ya shaida wa likitansa kafin ya ninka daddawar miyarsa.

Game da ƙarin jini, a nan ne zuciyata ta fi sosuwa, domin waɗanda abin ya shafa mata ne da yara. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma wannan yana faruwa ne har a garuruwan da ba a ɗora tukunyar miya sai da daddawa. Da ita ce maganin, da ba a ga haka ba. Ƙarancin jini alama ce da ke da sababai daban-daban: zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya suna tsiyayar da shi kaɗan-kaɗan, haihuwa a kai a kai da zubar jini wajen biƙi suna ƙarar da ajiyar ƙarfen jikin mace, ga kuma amosanin jini, wato sikila, da ake haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar nan, wanda gado ne, kuma mai shi zai iya cutuwa in aka yi ta ɗura masa ƙarfe ba bisa awo ba. Ƙarfen da ke cikin tsirrai kaɗan ne daga cikinsa hanji ke ɗauka, shayin da ake kurɓa a kan abinci yana ƙara rage shi, lemon tsami da gwaiba suna ƙara shi, hanta da nama da kifi kuwa sun fi ba da shi a sauƙaƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai juna biyu ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe, tare da folik asid, kowace rana, su ne jar ƙwaya da 'yar ƙaramar rawaya da ake bayarwa wajen awon ciki. Matar da ungozoma ta ja fatar idonta ta ga fari fat, tafin hannunta ya koɗe, tana haki in ta ɗebo ruwa, idan aka ce mata ta koma gida ta ƙara daddawa, an jinkirta mata abin da zai cece ta ranar haihuwa.

Hujjar kakanni ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ba a auna jininsu ba, balle a ce ba ya hawa, kuma shanyewar ɓarin jiki da kumburi da mutuwar fuju'a duk suna da sunaye a Hausa tun kafin zuwan asibiti. In sun fi mu lafiyar zuciya, to sun fi mu noma da tafiyar ƙasa, sun kuma fi mu ƙarancin sukari da soye-soye da zaman mota. Al'ada tana iya zama alheri, tana kuma iya zama akasin haka: likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da kunun kanwa da zafin wankan jego, alhali iyaye sun gaji yin haka ne da nufin ƙarfafa mai jego.

Abin da ya tilasta mini ɗaukar alƙalami shi ne wani dattijo maƙwabcinmu, wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini da na kitse tun bayan da hannunsa na hagu ya taɓa yin sanyi. Ya tare ni a ƙofar masallaci da takardar a hannu, jikansa ya karanta masa, ya ce, "Malam, ashe wahalar kuɗin ƙwayar nan ta ƙare? Ga shi an ce masana sun tabbatar." Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, ka ci daddawarka yadda ka saba, amma kada ka ajiye ko ƙwaya ɗaya sai likitan da ya ɗora ka ya auna ya ce ka ajiye." Ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da ƙwayoyin ke ci masa a wata, na kuwa gane cewa talauci ne ya sa maganar malamin ta yi masa daɗi. Hawan jini da kitsen jini ba sa ciwo, mutum zai bar magani ya yi wata uku yana jin garau, ya yi ta gode wa wanda ya ba shi shawara, sai ranar da abin zai faɗo. Maganin kitsen da ake so ya bari kuwa an gwada shi a kan mutane: a 1994 aka buga gwajin da aka yi a ƙasashen Sikandinebiya a kan masu ciwon zuciya 4,444, na tsawon fiye da shekara biyar, inda mace-mace suka ragu da kashi 30 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma wanda jama'a ke karanta rubutunsa amana ce a wuyansa.

Akwai wata fa'ida ta daddawa da nake ganin ta fi duk abin da malamin ya lissafa tabbas, ita ce ta fuskar gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa baligi ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, dunƙulen ɗanɗano na kanti kuwa wajen rabin nauyinsa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a tukunya, a kuma bi da gishirin kansa da kanwa. Alaƙar gishiri da hawan jini tabbatacciya ce a kan mutane. A ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600, aka sauya wa rabinsu gishiri da wanda aka rage wa sodiyam, sakamakon 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Tun da gulutamet ɗin da ke sa dunƙule daɗi akwai shi a daddawa, uwargidan da ta ƙara daddawa ta rage dunƙule da gishiri ta yi wa mai gidanta aikin da ke da dalili a bayansa, da sharaɗin ta ɗanɗana wadda ta saya, domin wasu masu yi suna zuba gishiri don kada ta lalace, ta kuma nemi wadda ta bushe sarai ba ta yi fumfuna ba.

Saboda haka ina roƙon ɗan'uwana abu biyu. Na farko, ya janye sakin layin da ya ce a bar magani, a wurin da ya buga shi, da irin girman haruffan da ya buga shi. Na biyu, ya haɗa murya da mu wajen kiran malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai su ɗauki mas'alar daga kejin ɓera su kai ta gidajen mutane: a sami magidanta 'yan ɗari masu matsakaicin hawan jini, a raba su biyu da ƙuri'a, rabi a dafa musu miya da awon daddawa sananne da ragin dunƙule, rabi su ci gaba yadda suka saba, kowa yana kan maganinsa, a auna hawan jini da LDL da yawan jini a farko da bayan wata shida, tun da jar ƙwayar jinin mutum takan yi kwana 120 kafin a sauya ta, sannan a buga abin da aka samu ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.